Kunnen Salatif

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa. A gareji Fiyus ake ce masa, domin abu kaɗan ke ƙona shi. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana aikin wayarin mota, kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje. Abin da ya tara bai da yawa: ciwon baya, tabarau mai hannu ɗaya, da lungu guda a garejin ƙanensa, inda yake ajiye benci da akwatin kayan aiki. Shi da bakinsa yake cewa da ya san abin zai ƙare a benci, da kafinta ya zama tun farko.

Lungun nan ne ƙanen ya sa wa ido. Ƙanen bakanike ne, ya sayo na'urar da ake jonawa a jikin sababbin motoci ta faɗi ciwonsu, kuma ba shi da wurin ajiye ta.

"Yaya, wata biyu ke nan ba ka taɓa waya ba," in ji ƙanen wata rana. "Kai da bencin ban san wanda ya fi wani zama ba. Ka tafi gida ka huta mana."

"In huta me? A gida matata ta ce in zo nan in huta."

Suna cikin haka aka turo tsohuwar a-kori-kurar Mai Ƙwai. Mai Ƙwai dattijuwa ce da ke rarraba ƙwai a shaguna, motar kuma ta marigayi mijinta ce. Tun da aka sa mata fanka da wurin cajin waya, kullum da safe sai batir ya mutu. Wanda ya yi aikin ya ɗauko wuta kai tsaye daga batir, ita kuma ba ta tuna kashe fanka. Ƙanen ya leƙa, bai ga inda zai jona na'urarsa ba, sai ya juyo yana murmushi.

"Ga sa'arka nan ta zo, Yaya. In ka tashe ta kafin ƙarfe huɗu, lungu naka ne. In ka kasa, gobe na'ura ta tare."

Aikin ba wani abu ba ne a wurin Fiyus. Waya ɗaya ake nema, wadda ba ta da wuta sai an murɗa makulli. A mayar da fanka kanta, in an zare makulli komai ya mutu, batir ya kwana lafiya. A irin wannan mota yakan gane ta daga launi, ko ido rufe. Ya ce wa Mai Ƙwai ta ba shi minti goma, ya shige ƙarƙashin sitiyari yana nishi.

Ya haska tocila. Wayoyi sun fi talatin, kuma duk rawaya ne. Ta fitila rawaya, ta oda rawaya, ta waifa rawaya.

"Wane jaki ne ya yi wannan aikin?" ya yi ihu daga ciki. "Wannan ba mai wayarin ba ne, mai saƙa ne! Da ɗana ne da na sallama shi."

Mai Ƙwai ta gyara zama a kan bencinsa. "Haka ne, Baba Fiyus," ta ce. "Ƙara masa."

Ya ƙara masa kuwa, har da kakanni. Sannan ya ɗauko abin gwajinsa, ɗan ƙwan fitila da aka ɗaura wa waya da ƙusa. Ya maƙale wayar a ƙarfen mota, ya fara dangwala ƙusar a mahaɗin kowace waya. Makulli a kashe, in ƙwan ya kama, wannan mai wuta ce dare da rana, ba ta da amfani. In bai kama ba, sai ya ce wa Mai Ƙwai ta murɗa. Ta taso ta murɗa, ta kashe, ta murɗa, ta kashe, har ta ce hannunta bai sha wannan wahalar ba ko a wankin yara bakwai.

Sau ɗaya ya yi ihun ya samu. Ashe ta fitilar birki ce, gwiwar hannunsa ce ta danne fedar. Wata kuma da ya taɓa, oda ta yi ƙara, ya zabura ya gwara goshi da sitiyari. Ƙanen ya leƙo ya ce uku ta wuce, ya tambaya ko a kawo masa matashin kai.

Can bayan akwatin fiyus, inda hannu ke shiga da ƙyar, ya laluɓo wata. Makulli a kashe, ƙwai shiru. Ta murɗa, ya kama. Ta kashe, ya mutu. Ya sa ta maimaita sau uku, domin bai yarda da idonsa ba. Wayar waifa ce. Ya jawo ta gaban tocila zai kwance salatif ɗin da aka naɗe mahaɗinta da shi, sai hannunsa ya tsaya.

An lanƙwashe bakin salatif ɗin, an bar ɗan kunne don sauƙin ɓarewa. Ya duba na kusa da shi, kunne. Na gaba ma kunne. Mutum ɗaya ne ke wannan naɗi, kuma ya shekara arba'in yana cika baki da shi: duk inda kuka ga kunne, hannuna ne.

Ya ci gaba da aikin. Ya ɗauko wuta daga wayar, ya sa mata ƙaramin fiyus nata, ya jona fanka. Da ya zo naɗe salatif ya so ya yanke shi sumul, amma yatsunsa suka riga shi, suka bar kunne.

Ya fito yana dafe da ƙugu. Mai Ƙwai ta zare makulli, fanka ta tsaya cak.

"Baba Fiyus, ka gano jakin?"

"Na gan shi. Ya tsufa."

"Shekara talatin ke nan," ta ce wa ƙanen. "Wayoyin motar suka ƙone, maigidana ya kawo wa yayanka ita. Ƙunshin waya ɗaya ne gare shi, rawaya. Ya ce kada mu damu, komai yana cikin kansa."

"Yana ciki mana," in ji Fiyus. "Hanyar fitowa ce ya manta."

Ƙanen ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Da ya sami numfashi ya tambaya motoci nawa ya yi wa irin wannan aika-aika.

"A waccan shekarar rawaya ta yi araha," in ji Fiyus. "Za su kai ashirin."

"To zauna, Yaya. Ba na'urar da za ta karanta wannan. Tawa na'urar kuwa, zan kafa mata kantar ajiya a bango."

Har yau yana lungun. In an turo tsohuwar mota, yakan leƙa ya nemi kunne tukuna, kafin ya buɗe baki ya zagi kowa.