Wutar Kashin Shanu

Har yau idan aka kunna murhun gas kusa da ni sai in ji raina ya ɓaci, kuma yayana ne sanadi.

Gidanmu yana cikin Birnin Zariya, gida ne mai sassa, da turken shanu a can baya jikin katanga. Gonar gandu kuma tana wajen ganuwa, ta hanyar Kufena, ni ne mai nomanta. Baba ya tsufa, sauran 'yan'uwa kowa ya kama kasuwa, Yaya kuwa ya yi boko ya zama malamin gona, irin masu noma da biro. Ƙasar gonar jigawa ce, sai an ba ta take bayarwa. Duk rani nakan tara kashin shanu da toka da sharar gida a juji. Bazara na kamawa sai in nemo masu jakuna, a loda a mangala, a bi gonar ana zubewa tsibi-tsibi. Haka na taras ana yi, kuma ba wanda ya taɓa musun cewa takin gida na mai noman gandu ne.

A shekarun da takin zamani ya zama sai wane da wane ne Yaya ya dawo daga wani kwas da sabon karatu a bakinsa. Bayan la'asar ya tara mu a zaure ya ce wai duniya tana ƙara zafi, kuma cikin abin da ke jawo haka har da wata iska mai kama wuta da ke fita daga gyatsar shanu, da ruɓaɓɓen kashinsu, da fadamun shinkafa. Akwai sunan da yake kiranta da Turanci, ban taɓa wahalar da bakina da shi ba. Ya ce shekara kan shekara ƙasarmu ƙara fitar da ita take yi, domin shanu suna ƙaruwa, noman shinkafa yana faɗaɗa. Ya sa yatsa ya ja layi a ƙasa yana hawa sama. Yana gamawa ya juya ya nuna jujina. Duk shanun Arewa bai ga masu laifi ba sai 'yan ƙwarorin da ke turkenmu.

Ya kawo magina suka haƙa rami a gefen turken, suka shafe shi da siminti, aka kifa masa ƙaton murfin ƙarfe, aka jawo bututu har madafi, wai iskar ta bi ta nan a yi girki da ita. Kullum da safe sai a kwashe kashin, a dama shi da ruwa kamar kunu, a ɗura. Na yi ta faɗa wa mutane ba zai kama ba, a raina ma fatan da nake yi ke nan. Ya kama. Wuta shuɗiya tas, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Matan unguwa suka yi ta sallama suna shigowa kallo. Inna, wadda na tashi na san ta da tari da jan ido a bakin murhun itace, ta zauna a kujera tana tuƙa tuwo tana dariya. Na ji daɗin ganinta haka, na kuma ji haushin wanda ya jawo.

Da na tambayi Yaya inda zan samo taki, sai ya yi murmushin nan nasa na mai koyar da yara, ya ce abin da ke fitowa ta bayan ramin ya fi ɗanyen kashi amfani a gona. Wataƙila gaskiyarsa. Amma abin ruwa ne tsululu, mangala kuwa saƙar kaba ce. Muka zuba, ya tsiyaye a cinyoyin jaki kafin mu fita lungu. Na gwada garwa, masu jakuna suka ce ba da dabbobinsu ba. Na baza shi a bayan gida don ya bushe, ƙuda ya taru, maƙwabta suka kai ƙarata wurin mai unguwa. A cikin birni katanga na jikin katanga, ina filin shanya? Abin da ya rage ya riƙa bin rariya yana gangarawa kwata ina kallo. Da na koma wa Yaya, cewa ya yi in nemi motar tanka. A lungun da jakuna biyu ba sa giftawa, wai tanka.

Daminar farko dawa ta fito siririya, ciyawar ƙuduji ta mamaye gefen gabas. Ta biyu ta fi muni, abin da na ɗauko bai kai rabin rumbu ba. Shi kuwa Yaya yana ta kawo abokan aikinsa suna leƙa ramin suna jinjina kai, ko sau ɗaya bai taka gonar ba.

Na sami Baba na ce a zaɓa, ko rami ko gona. Na tabbata zai goyi bayana, shi ya koya mini riƙe fartanya. Sai ya aika a kira Inna. Ta zo ta tsuguna a bakin ƙofa, ya maimaita mata abin da na ce. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Malam," ta ce, "tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kwana ba tari ba sai yanzu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da Yaya ne ya yi magana da na san abin da zan mayar masa. Na tashi na fita, na bar takalmina a zauren.

Ban yafe wa Yaya ba, kuma ban ga ranar ba. Mukan gaisa a wurin suna da jana'iza. Lokaci-lokaci nakan ji a rediyo ana cewa iskar nan tasa har yanzu ƙaruwa take yi a ƙasar, sai in kashe.

Kafin wata daminar Baba ya ce gonar da ba ta ciyar da gida nauyi ce. Wani alhaji mai yanka fuloti ya taya, aka sallama. Ranar da zai karɓa aka taru a zaure da shaidu, sai ya nemi a nuna masa iyaka. Aka dubi juna. Baba ba ya iya doguwar tafiya, sauran kuwa rabonsu da wurin tun suna yara. Baba ya kira ni ba tare da ya dube ni ba.

"Tashi ka raka Alhaji."

Na shiga gaba yana bina da magatakardansa. Na nuna masa layin gamba ta arewa, da tsohon suri, da kututturen ɗorawa inda muka yi iyaka da maƙwabci. A kusurwar ƙarshe ya tsaya ya ɗebi ƙasa ya murza, ya tambaye ni ko tana riƙe ruwa, saboda harsashin gini. Na ce masa ba ta riƙewa.