Na Kwanta Jinya da Lafiyata

A shekarar da kogin Neja ya cika ya shiga gidajen mutane a Anacha, matata ta nemi shiga makarantar koyon aikin jinya. Ta daɗe tana taimaka wa nas-nas a wani ƙaramin asibiti, tana wanke ciwo, tana juya marasa lafiya. Makarantar ta ce za a yafe mata shekarar farko, amma sai ta nuna abin da ta iya a gaban malamai. In ta faɗi, za ta fara daga tushe tare da sa'o'in 'yarmu.

Ba ta da wanda za ta gwada hannu a kansa sai ni. Kullum na dawo daga sayar da albasa a kasuwar Ochanja, kafin in tafi ajin yaƙi da jahilci, sai ta ce, "Malam, kwanta, yau ƙafarka ce ta karye."

Wata Juma'a ta naɗe mini kai da hannu da bandeji. Maƙwabcinmu mahauci ya leƙo aron wuƙa, ya gan ni, ya yi salati ya juya. Kafin la'asar labari ya kai masallaci cewa ɗan okada ya kaɗe ni da babur a mahaɗar Upper Iweka.

Nan da nan 'yan dubiya suka cika ɗakin. Na yunƙura zan yi bayani, liman ya danne kafaɗata ya ce mai rauni a ka ba ya yawan magana. Na kalli matata don ta cece ni, sai na ga tana kallon damatsan baƙi. Ta ɗauko abin awon jini ta ce duk wanda ya gama addu'a ya miƙo hannu. Ta auna masu ƙiba da ramammu, har da wani tsoho mai raki da ya ce abin na matse shi. Washegari mata suka zo, su ma ta auna su. Da gaskiya ta fito, mahauci ya ce ai lemon da ya kawo ba ya komawa, amma gaisuwarsa ya janye.

Ranar gwaji ta naɗa bandeji, ta auna jini a gaban malamai ba kuskure. Aka yafe mata shekarar, ban da darasin magunguna, wanda aka ce sai ta zauna aji.

Ni kuwa na rasa darasin karatu uku, da buhun albasa da ya ruɓe, da riga ɗaya da ta yanke wa hannu da almakashi.