Kafso a Cokalin Kunu

A shekarar da baƙon dauro ya shigo mana da ƙarfinsa, ina shekara ta shida da fara aikin jinya a Kafanchan, kuma a lokacin ba wanda ya isa ya gaya mini wani abu game da magani. Farar riga, farar hula, agogo a ƙirji. In na sauka daga mota a ƙauyenmu da ke bayan Godogodo, kafin in ajiye jaka an cika ƙofar Mama: mai tari, mai gyambo, mai ciwon baya, har da wanda akuyarsa ke zawo. Ni kuwa ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Kafso nake kai musu, mai ja da baƙi, mai ja da rawaya. Wasu na saya a kemis, wasu ragowar marasa lafiyar da aka sallama ne. Mama tana zuba su a gwangwanin madara. Ni na koya mata yadda ake murɗe kafso a buɗe, a zazzage rabin garin a cokalin kunu saboda yara, tunda ba sa iya haɗiya. Ban gaya mata kwana nawa ake sha ba. Ko na faɗa ma ba za ta bi ba, don a wurin Mama wanda ya ci gaba da shan magani bayan ya ji sauƙi almubazzari ne. Rabi yau, rabi gobe, tari ya lafa, a rufe gwangwani.

Wadda ta fi kowa shan kunun nan ita ce 'yar yayana, yarinya 'yar shekara biyar mai bakin tsiya, wadda aka sa wa sunana. Uwarta ta sha ɓari kafin a same ta, shi ya sa ko atishawa ta yi sai gidan ya tashi. Takwara take kirana. Ta ce in ta girma ita za ta riƙa yi mini allura har sai na yi kuka.

Da bazara ciwon ya ɓarke. Ɗakin yara ya cika, bibbiyu a gado, wasu a tabarma a baranda. Baƙon dauro shi kansa ba shi da magani, yakan yi kwanakinsa ya wuce. Abin da ke bin bayansa ne ke kisa: yakan bar huhun yaro ba ƙarfi, sai wasu ƙwayoyin cuta su shiga su zauna. Su ne muke yi wa allura. A da, in ka yi wa yaro penisilin kwana biyu, sai ka tarar da shi zaune yana kukan ƙosai. A wannan shekarar kuwa sai mu kai kwana huɗu jiki na nan kamar garwashi. Irin waɗannan yaran muke kaiwa wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda, mai gado huɗu, da tulun oksijin biyu, da injin zuƙar majina guda ɗaya da ake takawa da ƙafa. Mu muna ce masa ɗakin kulawa ta musamman. Iyayen yara ɗakin ƙarshe suke ce masa, kuma mun daina yi musu faɗa.

Da tsakar rana aka kawo takwarata. Yayana ne ya rungumo ta, Mama na biye da ƙullin kaya. Kwananta goma a gida, saboda a wurinmu an yi imani ba a yi wa mai baƙon dauro allura, wai ƙurajen za su koma ciki. Ƙurajen sun riga sun yi baƙi suna saɓa. Na ɗaga rigarta na ga yadda fata ke lotsawa tsakanin haƙarƙarinta in ta ja numfashi. Ta buɗe ido ta ce, "Takwara, kar ki yi mini mai zafi." Na ce ba zan yi ba, sannan na yi.

Likitanmu mutum ne marar yawan magana. Ya fara da penisilin. Bayan kwana biyu ya canza, bayan wasu biyun ya sake canzawa. A lokacin tana ɗakin ƙarshe, ni nake taka mata injin in majina ta toshe ta. Rana ta shida mai ɗakin gwaji ya kira ni ya nuna mini farantin da ya shuka majinarta. An jera 'yan ƙananan takardu a kai, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. Ya ce in magani na aiki, za a ga fili kewaye da takardarsa. Na duba, cutar ta yaɗu har bakin kowace takarda kamar ciyawa a gonar da aka yi watsi da ita. Guda ɗaya ce kawai ke da ɗan fili, kuma wannan maganin babu shi a Kafanchan. Washegari da sassafe yayana ya shiga motar Jos.

A ranar ne likita ya tsaya a bakin gadon ya tambayi Mama, "Mama, yarinyar nan ta saba shan magani a gida?"

Mama ta gyara ɗaurin zane, ta amsa da Hausar ƙauyenmu da ba ta raba mace da namiji. "A'a dokta, mu ba mu wasa da shi ba. Tun yana jariri, ko tari kaɗan ne, muna sa masa kafso cikin kunu. Yarona ne yana kawo mana, ga shi nan, nas ne." Ta nuna ni da hannu biyu, fuskarta cike da alfahari.

Likita bai dube ni ba, ya rubuta abin da zai rubuta ya fita. Na bi shi baranda, don na san abin da yake nufi: maganin da ake sha rabi-rabi shi ke sa cuta ta daina jin magani. Ya ce, "Sista, ba zan iya ce miki daga gida ta zo da ita ba. Mai yiwuwa a ɗakin nan ta ɗauka. Robar injin ɗaya muke sa wa yara huɗu a maƙogwaro." Lallashina yake yi, na sani. Bai tuna ba cewa robar nan ni nake ɗauraye ta a kwano tsakanin yaro da yaro, a gurguje, don in na tsaya tafasa ta na gaba zai shaƙe. Ko ta gida cutar ta zo ko ta ɗakin, ta hannuna ta biyo.

Wajen ƙarfe uku na yamma ta cika. Rana na nan tsaye, ana jin jirgin ƙasa yana kuka a tasha, masu tallan ayaba na wucewa ta bayan taga. Ina taka injin, ina takawa, sai wata abokiyar aikina ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya isa haka." Yayana ya iso kafin biyar da ɗan kwalin allurar a aljihun gaba, ya dafe shi da hannu tun daga Jos kar ya fashe. Ya tsaya a ƙofa, ya ga an ja zane har kanta, ya miƙo mini kwalin duk da haka. Na karɓa, don ban san abin da zan yi ba.

Har yau ƙafata ta dama ba ta manta ba. Sai ina zaune a coci ana tsakiyar wa'azi, ko ina tsince shinkafa, in ji tana danna ƙasa ita kaɗai, danna, saki, danna, saki. In yaro ya yi tari a bayana a cikin mota, ba na waiwayawa. Tsoro nake ji, kuma ban san fuskar da nake tsoron gani ba.

A bayan gida muka binne ta, kusa da kakanta. Matan zumuntar coci sun yi waƙa, fasto ya yi addu'a, aka watse. Na shiga ɗaki da niyyar in faɗi komai, na ma shirya kalmomin tun a mota. Uwar yarinyar na zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Kafin in buɗe baki ta kamo hannuwana biyu ta ɗora a goshinta.

"Takwaransa, Ubangiji ya saka miki," ta ce. "Da ba don ke ba, da bai kai biyar ɗin ba ma. Duk maganin da ya sha a duniya, daga hannunki ne."

Na ce amin. Shekara ta haura talatin ke nan. Tana nan da ranta, duk Kirsimeti sai ta aiko mini da citta da doya, kuma ban gaya mata ba.