Mutumin da Aka Bari a Tashar Jirgin Ƙasa

Ina 'yar firamare aka yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Legas. Ya tafi da Umma da ƙannena, ni kuwa aka bar ni a unguwar Abakpa wurin kakata Inna, wai da ya samu gida mai yalwa zai zo ya ɗauke ni. Gidan ya yi mana girma, daga ni sai ita sai talabijin mai baƙi da fari.

Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma ranar da za a nuna fim ɗin 'yan leƙen asiri, tun kafin magariba ta sauke tuwo. Tunda maganarsu ba ta shiga kunnenta, sai ta sa wa hannuwansu da idanunsu ido. "Kin ga wancan? An ba shi shayi ya ajiye bai kurɓa ba. Bai yarda da masu gidan ba." Ni mai taƙama da boko sai can gaba nake gano abin da ta gani tun farko, haushi ya ishe ni.

Wutar lantarki ba ta cika barinmu mu ga ƙarshe ba. Da an ɗauke sai mu fito tsakar gida gaban murhun gawayi, ta ƙarasa mini da baki kamar tatsuniya.

Akwai wani fim da ban manta ba. Wani ɗan leƙen asiri ne ubangidansa ya bari a wata ƙasa mai sanyi, ya ce ya jira a tashar jirgin ƙasa, za a turo a ɗauke shi. Yana zaune a kan benci aka ɗauke wuta.

Na ce, "Inna, sun zo?"

Ta daɗe tana fifita gawayin. "Sun zo mana, 'yar nan. Ba ki ga ubangidan ya gyara masa wuyan riga da za su rabu ba? Ai bai manta da shi ba. Jirgin ne ya makara."

Ranar na yi barci mai daɗi. Baba ya samu gidan, aka yi ta haihuwa, ɗakuna suka cika. A Abakpa na gama sakandare.

Bayan rasuwar Inna na ci karo da kaset ɗin fim ɗin a wani shago a unguwar Malali. Na kalla ni kaɗai. Ba wanda ya zo. Na mayar da shi baya zuwa wurin sallamar: ubangidan ya gyara wuyan rigar, amma ya kasa haɗa ido da mutumin. Irin wannan ba ya wuce idon Inna.

Na yi kuka sosai. Na daɗe ina ɗauka ni kaɗai ta rarrasa a ranar. Sai da girma ya zo mini na tuna ita ma ɗanta ne ya tafi, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu, kafin in miƙe ta riga ni ɗaga labule.