Shinkafar Kirsimeti a Bakin Ƙofa

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa zama na kalli fim har ƙarshensa ba. Amma an taɓa ba ni alƙalancin fim, a hawa na tara na wani bene a Cheras, wata unguwa can ƙasar waje, shekarar da cuta ta rufe duniya. Zaman jego na je yi wa 'yata, aka rufe hanya, na maƙale.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wasu mata da miji 'yan Jos, Kiristoci, Hausa a bakinsu tas. Mijin kayan waya yake sayar wa ɗalibai. Cutar ta kama shi, ana saura kwana shida Kirsimeti motar asibiti ta ɗauke shi. Matar tana da ciki wata bakwai, aka ɗaura mata abin hannu ruwan hoda na waɗanda aka killace, aka ce kada ta tsallake bakin ƙofa. Saboda cikin nan ne mijin ya ba asibiti lambar surukina maimakon tata.

Ranar Kirsimeti da hantsi aka kira. Surukina ya zo ya durƙusa, bai ɗago kai ba.

"Mama, maƙwabcinmu ya cika. Na riga na gaya wa fastonsu."

'Yata ta miƙe za ta je ta buga ƙofa. Na ce, "Zauna. A garinmu ba a kai wa mai juna biyu labarin mutuwa ba ta karya ba. Tun jiya ban ji motsin tukunyarta ba. In ta ji yanzu, kwana uku ba abin da zai wuce maƙogwaronta." Abin da ya dame ni faston nan ne. Magana ta fita, kuma waya ba ta san ladabi ba.

Muka dafa shinkafa da kaza. 'Yata ta tura tiren da sandar goge ƙasa har gaban matar. Ta zauna a bakin ƙofarta, mu a tamu, wayarta a gefen gwiwa. A bayanta talabijin sai harbi yake, kamar ana fasa dutse.

"Wannan wane irin biki ne, 'yar nan?"

"Fim ɗin maigida ne, Mama. Duk Kirsimeti sai ya sa shi, duk Kirsimeti sai mun yi faɗa. Na kunna ne saboda gidan ya yi shiru da yawa. Wai direban babbar mota ne ya ɗauko kayan kyauta, 'yan fashi suka tare shi. Ki raba mana gardama, wannan fim ɗin Kirsimeti ne?"

Na lura in tana magana hannunta yana kaiwa baki, in ta yi shiru sai idonta ya koma kan waya. To, magana ai gonata ce.

"An kashe mutum nawa a ciki?"

"Ba sa ƙirguwa!"

"Ina haihuwar Annabi Isa a nan?"

"Yauwa Mama! Shi kuwa wai akwai ƙanƙara, akwai bishiya mai fitilu, kuma direban so yake ya isa gida kafin a sauke tukunya."

Ta ga ta yi nasara, ta ajiye cokali. Rabin shinkafar na nan. Sai na juya mata baya.

"Af, ashe gida yake son zuwa? Ai mijinki ya fi ki gaskiya. Ranar layya jini har bakin kwata, wa ya taɓa cewa ba Sallah ba ce?"

"Kai Mama, kin ci amanata! Rago daban, ɗan fashi daban."

"Duka biyun ƙaho ne ya kai su."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauki cinyar kaza. Nan wayar ta yi haske, ta fara rawa a kan siminti.

"Babba na magana ana taɓa waya? Bar ta."

Ta bari. Wayar ta sake rawa. Na ɗaga murya na hau kawo hujja a kan fim ɗin da ban taɓa gani ba, har na ce ƙanƙara ma shaida ce. Can ƙasa jiniyar motar asibiti ta wuce. 'Yata tana gefena, ko loma ɗaya ba ta kai ba.

Matar ta cinye tas, ta sha ruwa. "In ya dawo zan ce masa ya samu lauya."

'Yata ta tashi da sauri ta shige ciki. Yarinyar ta bi ta da ido, sannan ta dawo da shi kaina, ta daɗe.

"Mama, ke da ko talabijin ba kya kallo."

"'Yar nan, an kira daga asibiti. Jikin ya yi tsanani."

'Yar ƙasarmu ce, ta san abin da tsohuwa take nufi in ta faɗi haka.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Wayar ta sake ɗauka. Na dafa bango na miƙe. Surukina ya fito yana cewa, "Mama, shekarunki fa, an hana!" Taku huɗu ne tsakanin ƙofofin. Na kife wayar, na zauna na jawo kanta jikina. Ban koma ɗakin 'yata ba sai da aka yanke mata abin hannun nan.