Rigar Baba a Sarƙar Babur

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina aikin malamin gona, ina haya a wani gida a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo, ni da matata. Wurin aikina kuwa can ne cikin ƙauyukan kudancin Kano, inda mota ba ta shiga da damina. Litinin nake tafiya, sai Juma'a in dawo.

Abin hawana babur ne irin wanda ake raba wa malaman gona: dogo, siriri, tayoyinsa masu haƙora, kujerarsa a can sama kamar ta raƙumi. Ma'aikata ce ta ba ni shi tun yana sabo, da ya tsufa aka sayar mini. A daji ba shi da na biyu. Na ratsa rafi da shi ruwa har gwiwa, na hau tudu, na bi burtali, na keta yashin da jaki ma sai ya yi tunani kafin ya shiga. Manoma suna jin ƙararsa daga nesa sai su fara shimfiɗa tabarma. A cikin gari kuwa abin ba haka yake ba. In na tsaya a danja sai na ɗosa ƙafa ɗaya da kan yatsu, don ni ba dogo ba ne. 'Yan acaɓa su zagaye ni da ƙananan baburansu suna ɗaga kai suna cewa, "Malam, yaya iskar sama?"

Duk Asabar nake yi masa hidima a ƙofar gida. In wanke taɓo, in cire filogi in goge, in ɗaure wayoyin taya, in ja sarƙa in ɗiga mata baƙin mai. Abin da ya fi ƙarfina sai in kai wa wani bakanike a bayan kasuwar Tarauni, wanda shi kaɗai ya yarda ya taɓa irinsa, don kayan gyaransa wuya gare su. Murfin sarƙar ya daɗe da faɗuwa a wata hanya, kuma kullum na je sai bakaniken nan ya ce in bari a ƙera mini wani. Ni kuma in ce sai wani satin.

A zaɓen shekarar nan wani abokin karatuna ya ci kujerar majalisa. Benci ɗaya muka zauna da shi a sakandare, har bargo mun raba. Bayan makaranta kowa ya kama gabansa, sai dai gaisuwa in an haɗu a ɗaurin aure. Gidansa yana Darmanawa, ba nisa da mu.

Yayana ne ya fara kawo maganar. Yana da shagon hatsi a kasuwar Tarauni, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya zo wata Juma'a da la'asar, ya dubi matata da ke fama da tsohon ciki, ya dube ni.

"Kai yanzu haka za ka yi ta zama a daji, ka bar baiwar Allah ita kaɗai?" in ji shi. "Abokinka ya samu. Magana ɗaya zai yi a dawo da kai ofis cikin gari."

Na ce, "Yaya, ban taɓa zuwa gidansa ba sanda ba shi da komai. Yanzu in je da wane ido?"

"Da idon da kowa yake zuwa. Ka je ka yi masa murna, sauran magana za ta zo da kanta."

Na ga yadda matata ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. Na san abin da take so. Na ce to.

Washegari Yaya ya aiko da ƙunshi. Na buɗe. Babbar rigar Baba ce, farar shadda mai aikin hannu, wadda ta faɗo a rabon Yaya. An kai ta wajen masu bugu, sai ƙyalli take yi, tana ƙamshin turaren da ke cikin adaka. Saƙon da ya biyo ta shi ne kada in kuskura in je gidan babban mutum da kayan malaman gona.

Ba ni da farar 'yar ciki da za ta dace da ita. Ga zafi, ga hadari yana haɗuwa. Sai na ce ai ba wanda zai ga ciki, na bar rigar da ke jikina, wata tsohuwar riga mai gajeren hannu da aka raba mana lokacin gangamin taki, da hoton zangarniyar masara a ƙirji, hammatarta ɗaya a yage. Na zura babbar riga a kai, na kafa hula.

Maƙwabcinmu a gidan, wani malamin makaranta mutumin Filato, yana wanki a tsakar gida. Ya ɗago ya ce, "Kai, Malam, yau sai ka ce ango! Amma da wannan rigar za ka hau dokin naka? Ka shiga tasi mana."

Na ce, "Nan da Darmanawa ne fa."

Na naɗe hannayen rigar a kafaɗa, na tattare gindinta na zauna a kai, na buga kik. Har na tsallaka titin Zariya na shiga lungunan bayan asibiti ba abin da ya faru. An yi ruwa da safe, hanyar duk kududdufai, amma wannan ai abincin babur ɗina ne.

Tun daga nesa na hango taron. Motoci a jere, maroƙa, masu kalangu, 'yan siyasar unguwa, mai tsire ya kafa tukubarsa a gindin darbejiya. A kan kwana na tsaya. Na ga kowa da rigarsa a sake tana jan ƙasa, ni kuwa na ƙudundune tawa kamar mai shirin tsallaka kogi. Sai na ɗaga na zaro ta daga ƙarƙashina, na baza ta ta rufe babur ɗin gefe da gefe, na gyara zaman hula. Na ce taku kaɗan ne ya rage, a hankali zan tafi.

Ina isowa aka buɗe ƙofar gidan, abokina ya fito, mutane suka yi caa a kansa. Na ɗaga hannun hagu zan yi jinjina. A nan ne sarƙa ta kama gefen rigar.

Abin da na fara ji shi ne an fizge ni ta baya ta wuya, kamar an jefa mini igiya. Na ji ƙyaaat, tayar baya ta cije, babur ya juya, muka zube tare cikin kududdufin da ke daidai ƙofar gidan. Ruwan taɓo ya fallatsa har kan na kusa. Kalangu ya tsaya. Ina kwance, babur a kan ƙafata, wuyan rigar ya shaƙe ni, kaina a manne da kujera, na kasa ko ɗagowa.

"Innalillahi! Ku ɗaga shi!"

"Kada ku ja, za ku shaƙe shi! A kawo wuƙa!"

Mai tsiren nan ne ya rugo da wuƙarsa, tana maiƙo da ƙuli-ƙuli. Ina ji yana yanka rigar Baba daga wuya zuwa ƙasa, ta tsakiyar aikin, kamar yana feɗe rago. Aka zare ni daga cikinta. Na miƙe tsaye ba hula, takalmi ɗaya, taɓo har kunne, ga zangarniyar masara a ƙirjina.

Aka taru ana duba ko na karye. Da aka ga lafiyata ƙalau sai wani daga baya ya ce, "A'a, ashe mai taki ne." Dariyar da ake dannewa ta fashe. Wani maroƙi ma har da riƙe ciki.

Na so a ce abokina bai gane ni ba. Amma ya matso, ya leƙa fuskata, ya kira ni da sunan tsokanar da ake kirana a makaranta, sunan da na yi shekaru ban ji ba. Ya kama hannuna da taɓon da komai.

"Kai ne? Subhanallahi. Ba ka ji ciwo ba? Ku yi wa mutane shiru, ɗan'uwana ne wannan."

Wallahi da ya yi mini wulaƙanci da abin ya zo mini da sauƙi. Ya tambayi iyali, ya tambayi Yaya. Sannan ya rage murya ya ce, "Akwai wata magana ne? Faɗa mini, fita zan yi."

Mutane sun kewaye mu, kowa ya kasa kunne. Ruwa yana ɗiga daga gemuna. Na ce, "Babu komai, ranka ya daɗe. Murna na zo yi maka. Allah ya taya riƙo."

Ya ce amin, ya ce lallai in dawo. Ya juya ya yi wa wani magana, aka shiga gida aka fito mini da riga in canza. Ragowar rigunan kamfe ce, da hoton fuskarsa a gaba, babba. Ba yadda zan yi, tawa ta jiƙe ta ƙara yagewa. Na koma bayan wata mota na saka. Motocinsu suka tashi, taron ya bi su, aka bar ni da mai tsire da babur.

Tayar baya ta ƙi juyawa sam, shadda ta naɗe cikin sarƙa ta cushe tam. Mai tsire ya samo mini mai kurar ɗaukar kaya, muka kinkima babur muka ɗora, tayar gaba tana leƙe. Na tattara abin da ya saura na rigar na rungume. Haka muka taho, mai kura a gaba ina biye, muka fito daga Darmanawa, muka bi bakin titi har Tarauni, rana tsaka. Ni ma'aikacin gwamnati, wanda ko taron jam'iyya bai taɓa leƙawa ba, ga ni da fuskar ɗan siyasa a ƙirji. Masu shaguna suna ɗaga mini hannu suna kiran taken jam'iyyar, 'yan ɗaya ɓangaren suna cewa, "Ka ga irinta, tun ba a je ko'ina ba sun hau kura." Ban ɗaga kai ba. Ƙafar mai kura kawai nake kallo.

Bakanike ya ga abin, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya fasa. Ya ɗauko sifana ya kwance tayar. Da tsinken ƙarfe ya riƙa zaƙulo zaren aikin daga tsakanin sarƙa, yana tara mini a kan wani kwali, baƙi ƙirin da mai. Na ce ya zubar. Ya ce a'a, in dai tafi da shi.

Shagon Yaya bai fi jifa biyu daga nan ba. Na daɗe a zaune a kan bencin bakanike kafin na iya tashi.

Na same shi yana auna wa wata mata gero. Ya ga rigar da ke jikina, fuskarsa ta washe, ya ɗauka an dace. Sai idonsa ya sauka kan abin da na rungumo. Ya sallami matar. Ya karɓa, ya warware a kan buhu, ya haɗa gefen nan da gefen can inda wuƙa ta bi, kamar mai gwada ko za su koma. Ya shafa aikin da tafin hannunsa.

"Ba ka ji ciwo ba?"

"A'a, Yaya."

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ka faɗa masa?"

Na girgiza kai. Ya gyaɗa kai. Ya ninke rigar yadda ake ninke lafiyayya, hannu kan hannu, ya sa a cikin wani wankakken buhu ya tura ƙarƙashin teburinsa. Na fara cewa, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, zan..." Ya ɗaga mini hannu.

"Je ka gida ka yi wanka. Kuma ka cire wannan abin kafin ka shiga unguwa."

Da ya zage ni, ko ya ɗaga murya, da na samu abin riƙewa. Bai yi ba, ranar ko bayanta.

Ban cire ba, don ba ni da wata. Matata ta gan ni a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Na ba ta labari a taƙaice ina kallon bango. Ta ɗora ruwan zafi, ta gasa mini ƙafar da salansa ya ƙona, wadda sai a lokacin na san ta ƙone. Can ta ce, "Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." Ba ta tambaye ni maganar canjin wurin aiki ba. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya leƙo ya ce sannu, ya koma, bai tuna mini da zancen tasi ba.

Sau biyu abokina yana aiko direbansa a ce in je. Na farko ina ƙauye. Na biyu ina cikin ɗaki, na ce matata ta ce ba na nan. Duk sanda na yi niyyar zuwa sai in ga kududdufin nan da fuskokin da ke kewaye da shi, in fasa. Daga baya aiken ya ɗauke. Hanyar Darmanawa ma na daina bi, ko da ita ce kusa.

Bakanike ya sa wani maƙeri ya yanka mini murfin sarƙa daga farantin ƙarfe, aka ɗaure da ƙusa uku. Yana ƙara in na shiga gargada, amma ya zauna. Na ci gaba da tafiyata Litinin, in dawo Juma'a.

Ranar wata Laraba matata ta haihu. Ina wani ƙauye ina nuna wa manoma tazarar shukar waken suya. Yaya da matar maƙwabcinmu ne suka kai ta asibiti. Sai washegari saƙo ya iske ni ta bakin wani direban motar kasuwa. Na hau babur cikin ruwan sama, rafi biyu sun cika, na ratsa su, na iso Gyaɗi-Gyaɗi jiƙe sharkaf bayan azahar. Na tarar da Yaya zaune a kan benci a ƙofar gida, ya riga ya yi wa jaririyar huɗuba, ya sayo itace da kayan ƙauri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Mace ce. Shiga ka gan su, suna lafiya." Na jingine babur a bango na shiga.