Ustaz Sharfuddeen, Mai Karanta Fuskokin Tsofaffi

Duk wanda ya saba bin unguwar Anbariyya da sanyin safiya ya san shi, ko bai san sunansa ba. Dogo ne siriri mai tabarau, yana dawowa daga asuba a Harami da burodin tamis a hammata, yana gaida mutane yana kallon kumatunsu maimakon idanunsu. Shi ne Ustaz Sharfuddeen Badaru, malamin tarihi a kwalejin horar da malaman firamare ta nan Madina, wanda ya ajiye alli a ƙarshen zangon nan. Kafin haka, da hantsi yana aji. Da la'asar kuwa sai ka neme shi a zauren wani tsoho a unguwar Ranuna, ya miƙa goro ya naɗe ƙafa.

Ni maƙwabcinsa ne tun da na zo karatu daga Zariya, katanga ɗaya ta raba mu. Ranar da muka fara haɗuwa, kafin in buɗe baki ya dubi billen da ke kuncina ya ce, "Ina labarin Zazzau?" Na ɗauka bokanci ne.

Ba bokanci ba ne, karatu ne. Jikan alhazan ƙafa ne, haifaffen Anbariyya. Ya yi digiri a Alƙahira, ya yi majistir, wato digiri na biyu, a Hartum kan hanyar da kakanninmu suka bi daga ƙasar Hausa zuwa Bahar Maliya. A kwalejinsu kowane malami da abin da ya sa gaba: wani tsofaffin rijiyoyin Madina, wani cutar dabino, wani nahawu. Shi tsagar fuska ya zaɓa, zanen da wanzami ke yi wa jariri don a san asalinsa. Abokan aiki suka raɗa masa Shehun Wanzamai, yana amsawa da fara'a. Da ya nemi tafiya digirin daktora aka ce masa wannan ba bahasin ilimi ba ne. Ya dawo gida ya ci tuwonsa, washegari ya koma aji.

Na taɓa yi masa tsiya a kan haka. Ya ce, "Ya akhi, waɗanda suka zo da ƙafa ba su zo da takarda ba. Fasfonsu yana fuskarsu, kuma da shi ake binne su. In ban karanta yanzu ba, yaushe?"

Cikin tsofaffin da yake ziyarta akwai Hajiya Halimatu ta Ranuna, wadda ake kira 'Yar Hanya. Wani ayarin Barebari ne ya tsince ta tana rarrafe kusa da gawar mahaifiyarta, can cikin dajin Darfur, suka taho da ita. Ta girma a Madina, ta haifi 'ya'ya da jikoki, ta yi hajji ba adadi. Abu guda ya tsaya mata a rai: tana so ta yi wa mahaifiyarta hajji, amma ba ta san sunan da za ta ambata a miƙati ba. Malamai sun gaya mata niyya ta wadatar, Allah ya san baiwarsa. Ta ce ta yarda, amma zuciya ba ta jin fatawa.

Ustaz ya dubi zanenta ya ce, "Hajiya, ke Bagobira ce."

Ta ce, "Ɗayyib, ya waladi. Amma Gobir ƙasa ce. Ni ƙofar gida nake nema."

Matarsa Sabuwa, wadda ita ke duba masa fuskokin mata, ita ta gano sauran. A bayan kunnen Hajiya na hagu akwai 'yan tsaga uku kamar sawun kaza. Ustaz bai taɓa ganin irinsu ba, ya kuma gane dalili: wuri ne da hula da rawani ke rufewa. To ina namiji ke tsayawa kai a buɗe? Sai Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaura harami kafin su kama hanyar Makka.

Daga nan, duk lokacin hajji, ana tashi daga aji sai ya loda tulunan ruwa a tsohuwar motarsa ya nufi can. Yana miƙa wa alhaji kofi, alhaji ya sunkuyar da kai, shi kuma ya leƙa bayan kunne. Shekara ta bi shekara. Hajiya ta fara dogara sanda, idonta ya fara hazo, jikokinta suna ce mata da Larabci ta haƙura, "Khalas, ya sitti." Ni ma na ce masa yana neman allura cikin rairayi. Ya ce ai allurar tana nan, tunda wani ya yar da ita.

A hajjin bara waccan ina tare da shi, rana na dukan ƙeya, sai na ga kofi ya suɓuce masa. Wani tsoho ne tukuf a gabansa, sunansa Ɗan'inna, da sawun kaza a bayan kunne.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Wanga? Na garinmu na, Gidan Sabo. Wanzamanmu ka yi ma kowane jinjiri, tun zamanin hari, don in an kama ɗiyanmu mu gane su."

Ustaz ya jefo mini makullin mota ya ce in ɗauko Hajiya da Sabuwa. Matsalar ita ce an riga an tayar da motar su Ɗan'inna, direba na ta danna oda. Ustaz ya roƙe shi da Larabci, ya ƙi. Sai ya hau matakalar motar ya gaya wa alhazan labarin da Hausa. Kafin in dawo, duk sun sauko sun zauna a ƙasa cikin fararen haraminsu suna talbiyya, direba ya kashe mota ya rungume hannu.

Sabuwa ta ɗaga gefen mayafin Hajiya. Tsohon ya matso ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Mutum guda garinmu yay yi gabas da jinjira. Baffana Abdussamad, shekarar yunwa. Ni nij ja musu jaki har bakin gari, ina yaro."

Ustaz, da yake malami ne ko a cikin kuka, ya ce, "Hajiya, zanen ya tabbatar da gari. Sauran shaidar Baba ce."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce wa tsohon, "Matar fa? Yaya sunanta?"

"Kaltume."

Ta maimaita shi a hankali, kamar mai taɓa ruwan zafi. Ban ji kunyar hawayena ba ranar, domin har direban sai da ya juya baya.

Ya Ustaz, kai ne ka tsaya cikin rana da kofi a hannu, ba don digiri ba, ba don a buga sunanka ba. Kai ne ka koya wa ɗaruruwan malaman firamare tarihi da safe, ka je ka tsugunna gaban masu tarihin da yamma. Dogo mai leƙa bayan kunne, ba su ba ka daktora ba, amma ka ba marainiya uwa tana da shekara saba'in. Allah ya saka maka, ya saka wa Sabuwa, ya sa hutun nan ya zama na lafiya.

Ku kuma matasan malamai, masu neman abin da za ku bincika a ɗakunan karatun Alƙahira da Landan, ku fara duba fuskar kakar da ke cikin gidanku. Yanzu an daina tsaga, kuma kullum maƙabartar Baƙi'a tana karɓar masu ita.

Kwana kaɗan bayan haɗuwarta da Ɗan'inna muka mayar da Hajiya Halimatu Bi'ir Ali, jikanta na tura ta a keke. Da lokacin niyya ya yi, ta ce a tsayar da ita da ƙafafunta. Muryar da muka saba ji da ƙyar ta fito tar, har mutanen gefe suka waiwayo, tana ɗaura niyya a madadin mahaifiyarta:

"Labbaika hajjatan an Kaltume."